Hannun Ɗan Azumi

Shekarar da aka yi fari har tafkin Madarunfa ya ja da baya, ita ce shekarar da kan mijina ya taɓu. Ɗan Azumi ake ce mashi, ni kuwa Baban Fati nake kiranshi. Gyaɗarshi ta ƙone a gona, jakinshi ya mutu, sai ya daina barci, ya koma zaman ƙofar gida yana gardama da mutanen da ba mu gani. Mutumin da ko akuya ba ya iya bugu, rana ɗaya ya ɗauki taɓarya ya farfasa mana randuna kaf.

Muka kai shi likita, wato ƙaramin asibitin gari. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya yi mashi allura, ya yi ta barci kamar gawa. Yana farkawa ya cakumi wuyan rigar Majo. Na ce shi ke nan, yau sai jandarma sun zo sun kama shi. Amma Majo ya gyara rigarshi kawai ya ce mani, "Barira, ciwo ne. Mai tari yana iya riƙe tari? To haka wannan. Ku kai shi babban asibiti a Yamai." Yamai! Ni da ko Maraɗi ban zuwa sai da babban dalili.

Wanshi Haruna kuwa cewa ya yi iskanci ne. "Yunwar nan wa ta bari? Shi kaɗai ya yi asara? A ba ni shi da dorina ku ga ikon Allah." Uwarshi ta ce sammu ne. Maƙwabta suka ce ya taka wani abu a bakin tafki da tsakar rana. Wallahi kowa ya zama likita, ni da ke kwana da abin ni ce kaɗai ban san komi ba.

A ƙarshe muka kai shi gidan Malam Isa, kan hanyar Gabi, inda ake ajiye masu irin wannan lalura ana yi masu rubutu da hayaƙi. Malam Isa dattijo ne mai sanyin murya, kuma yana da ƙa'ida guda da kowa ya sani. Idan marar lafiya ya yi duka, ba a rama mashi. Sai gari ya waye, hankalinshi ya kwanta, Malam ya zauna gabanshi ya ce, "Ka san abin da ka yi jiya?" Wanda aljani ya hau ba ya tunawa, don ba shi ne a jikin ba, saboda haka ba shi da laifi ko a wurin Allah. Wanda kuwa ya tuna, to da saninshi ya yi, lafiyarshi lau, ƙeta ce kawai, Malam ba ya riƙe shi.

Baban Fati ya bugi masu riƙe shi, ya ciji Haruna a hannu, ya yi jifa da allo. Kullum Malam ya tambaye shi sai ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Malam ya ce, "Kun gani? Bai ma san ana yi ba." Ni ma na yarda, hankalina ya ɗan kwanta. Aljani dai ana iya roƙonshi ya tafi.

Sai ranar da abin ya zo kaina. Na kai mashi fura da hantsi, na durƙusa ina damawa, muna hira lafiya lau, har yana tambayata ko Fati ta fara tafiya. Ban ga tashin hannun ba. Sai dai na ji ni a ƙasa, bakina cike da jini, haƙorina na gaba a cikin ƙwarya. Matan da ke jinyar nasu suka ɗaga ni. Wata ta ce in gode Allah, magani ne ke ci, aljanin ya ji wuta. Wata ta ce a'a, matar gida aljana ke kishi da ita. Wata tsohuwa ta raɗa mani, "Yarinya, mahaukaci ya san wanda yake bugu." Haba! Ina tofar da jini, su suna ta fassara.

Kafin la'asar labari ya kai Sarkin Yamma, garinmu. Baba ya iso da sandarshi, ya dubi bakina, bai ce mani ko sannu ba don takaici. Ya ce da Malam, "Allah gafarta Malam, gobe a yi tambayar a gabana. Kuma ban yarda da shiru ba, da bakinshi zai amsa. In aljani ne, ɗiyata ta zauna ta yi jinyar mijinta, lada gare ta. In ya san abin da ya yi, ban aurar da ita don a zubar mata da haƙora ba. Da ita zan koma."

Ni fa ban son komawa. Ku ce mani wawuya, na ji. Ina jin haushinshi kamar in mutu, ina kuma tsoronshi, amma in na tafi wa zai ba shi abinci? Haruna mai dorina?

Da safe kafin a taru na je wurinshi. An sa mashi mari a ƙafa, an ɗaure a gindin itacen bedi. Na tsaya inda hannunshi ba ya kaiwa. Ya dubi bakina ya kawar da kai.

Na ce, "Baban Fati, ka tuna?"

Ya ce, "Na tuna. Na Majo ma na tuna, da na Haruna."

Na ce, "To kai ne ke nan?"

"Ban sani ba, Barira. Ina kallon hannun yana tafiya, ina ce mashi tsaya, bai tsaya ba."

To fa. Wannan a wane kwando zan sa shi? Malam ya ce abu biyu ne, ga mijina ya kawo na uku. Na ce, "Ji nan. In aka tambaye ka, ka ce ba ka sani ba. Shi ke nan fa. Ka ce ba ka sani ba, in zauna."

Aka taru a inuwa, Baba da Haruna da masu jinya da duk wanda ba shi da aikin yi. Malam Isa ya zauna a buzunshi ya yi bisimilla ya ce, "Ɗan Azumi, ka san abin da ka yi jiya?"

Ina yi mashi ido, ina girgiza kai, saura kaɗan in amsa mashi da bakina.

Ya ce, "Na sani, Malam. Na bugi Barira da bayan hannu tana dama mani fura."

Wuri ya kaure da salati. Haruna ya tafa hannu ya ce, "Ban faɗa ba?" Malam ya dube shi, ya ce a hankali, "Ka fahimci abin da ka ce kuwa? Ko in sake tambaya?" Na lura shi ma Malam ƙofa yake buɗe mashi.

Ni kuwa na manta da kunyar Baba, na daka tsawa, "Me ya sa? Me na ce maka?"

Ya ce, "In na ce ban sani ba, wa zai ba ki haƙuri? Aljanin? Ki yafe mani, Barira."

Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Baba ya miƙe ya ce in ɗauko Fati da kayana. Malam ya yi ajiyar zuciya, ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce, tunda ya tuna ba marar lafiya ba ne, a kwance shi ya tafi gida.

Na goya Fati, na bi bayan Baba. Mun kai ƙofar zaure na waiwaya. An cire mashi marin, amma bai tashi ba. Ya miƙa ƙafar yana riƙe da rigar mai kwancewa, yana roƙonshi, "Don Allah maida mani marin. Maida har su yi nisa, kada in bi ta."