Robar Sajan Tabanao

Sau biyu na faɗi gwajin harbi, kamfanin gadin tashar jiragen ruwa kuwa sau uku kawai yake bari a gwada. In na faɗi na uku, digirina na nazarin laifuka zai koma ƙasan akwati, ni kuma in koma rumfar busasshen kifi ta mahaifiyata a kasuwar Danao.

Mai gwajin, Sajan Tabanao, tsohon soja ne mai tumbi, wanda a wurinsa duk ƙaramar bindigar da ba lamba arba'in da biyar ba abin wasan yara ce. Guda ɗaya yake miƙa wa kowa, baƙa mai nauyi. Ya nannaɗe ƙotarta da robar tayar babur, yadda mazan garinmu suke yi saboda gumi, kuma duk shekara sai ya ƙara wata a kan tsohuwar, har ƙotar ta yi kaurin rogo. Harsasaina kullum a ƙasan kwalin da muke harbi suke sauka, wajen hagu, a tare wuri ɗaya.

"Inday, kwalin kika zo harbi ko kajin maƙwabta?" in ji shi, yadda ake kiran yarinya a garinmu. Mazan da suka zo gwajin suka bushe da dariya, har da waɗanda sai sun yi gumi kafin su rubuta sunansu. Ya ce jami'a ba ta sayar da zuciya, hannun mace kuma tsoro yake ji.

Ni dai na san mai jin tsoro warwatsa harsashi yake yi, ba ya tara goma wuri ɗaya.

Na kai kwalin wurin Tiyo Berting, ƙanin mahaifina, wanda ya shekara talatin yana goge ƙarafan bindiga a bayan gidansa. Ya naɗe ƙotar wata bindiga da tsumma har ta yi kaurin ta Sajan, ya ce in riƙe. Da ƙyar bakin yatsana yake taɓa kunamar, don haka ture ta nake yi gefe maimakon in ja ta baya. Na fara murmushi, sai ya katse ni.

"Kar ki yi murna, Inday. Hagun na roba ne. Ƙasan kuwa naki ne, fizga kike yi tun kafin ta tashi."

Sati shida na yi. Yakan ɗora mini kwanson harsashi a kan bindiga marar komai a ciki, in ja kunama ba tare da ya faɗi ba. Ya faɗi sau ɗaruruwa. Da safe in miƙe hannu da dutsen gugar gawayi har kafaɗata ta ɗauki rawa. Yatsana ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Matan layinmu suna leƙowa, suna cewa ga 'yar boko tana yi wa iska guga. Su da ko ƙofar jami'a ba su sani ba.

Ranar gwaji na roƙi Sajan ya ba ni wata bindigar. Ya ce wadda ta ishi maza ɗari ta ishe ni. Tana kan tebur ba a ɗura ta ba, sai na ciro reza daga aljihu, na tsaga robar daga sama har ƙasa. Ta ɓare kamar ɓawon ayaba, tana warin gumin shekara ashirin.

"Kin san abin da kika yanka?" in ji shi.

"Tayar babur, Sajan."

Ya rantse sai ya kore ni. Misis Ouano, wadda kamfani ya turo ta rubuta sakamako, ta tambaye shi a wane shafi na doka aka ambaci roba. Sai ya ɗura bindigar, ya turo mini.

Na riƙe ƙotar, yatsana ya zauna daidai. Bakwai ake nema a tsakiya cikin goma, na zuba takwas. Biyun suka sauka ƙasa, kuma ban ɗora wa kowa laifinsu ba.

Sajan ya shaida wa mazan cewa bindigar ce ta saba da hanya, ko makaho ya riƙe ta zai ci. Sai wanda ke bayana a layi ya karɓe ta, wani ƙato mai hannu kamar faranti, ya sami uku. Ya juyo yana hararata, wai na lalata musu bindiga.

Sajan ya sa hannu a takardata, yana danna biro har ta huje. Misis Ouano ta ce in zo aiki ranar Litinin, ƙofa ta huɗu, ƙarfe shida na safe. Na ce mata biyar da rabi za ta same ni.