Hannun Dama na Rory Penhale

Rory Penhale, sojan sama matuƙin jirgin yaƙi, ya tsayar da motar tseren a ƙarshen busasshen tafkin Nevada, injinan jirgin yaƙi biyu da ke jikinta suna huci. Gudun farko ya wuce na kowa a duniya. Sai dai doka ce, in bai juyo ya maimaita ba kafin awa guda ta cika, ba a ƙirga masa.

Makanikai suka rufar wa motar, wasu na zuba mai, wasu na naɗe lemar da ke buɗewa a baya ta rage gudun motar. Shugabarsu, Gwen Tarling, ta hau tsani ta leƙo.

"Soja, ka kauce wa farin layi a tsakiya. Gyangyaɗi ka yi?"

"Iska ce ta buge ni."

"Iskar na gani. Na kuma ga sitiyari yana rawa kamar ba mai shi."

Ɗazu da motar ta zame, hannun Rory na dama ya saki sitiyari ba da saninsa ba, ya faɗa tsakanin gwiwoyinsa yana lalube. A jirgin yaƙi, nan wani mariƙi yake, wanda in an ja, kujera ta cilla matuƙi sama. Shekaru aka yi ana horar da shi ya ja ba tare da tunani ba. Motar nan ba ta da shi.

"Ƙiftawar ido ce kawai," ya ce.

"A gudun nan, yallaɓai, ƙiftawar ido filin ƙwallo guda ne. Ga iska na ƙaruwa. Mu bari sai gobe."

"Gobe ruwa za a yi. Tafkin na jiƙewa sai baɗi, baɗi kuwa na koma bariki. Miƙo min salatif."

Ta dube shi.

"In wuta ta tashi fa? Da me za ka kwance bel?"

"Da hagu."

Ta naɗe masa hannun dama a jikin sitiyari tamau, ta bar babban yatsa saboda maɓallin lema, ta ja murfin motar ta rufe shi, ta sauka.

Injina suka ɗauka. Farin layin ya miƙe har inda ido ya ƙare, tutocin gefe duk sun karkata waje guda. Motar ta riga ta zabura lokacin da Rory ya tuna: mariƙin nan, da hannu biyu aka koya masa jan sa. Na hagun kuwa a sake yake.