Ruwan da Na Riƙa Ɗebowa

Mutumin da bai taɓa yin ƙarya ba, amma aka gina ƙarya a kan aikinsa, me za a kira shi? Har yau ban san amsar ba.

Shekara uku ina ɗebo wa masu bincike ruwan kogin Wuri a gaban ƙauyenmu. Kowace Litinin kwalba ɗaya, in rubuta kwanan wata, in kai Duwala. Gansakuka suke aunawa, don su san yawan da jikin mutum zai iya ɗauka. Ni kuwa sai teku ta turo ruwa, kogi ya cika har bakin katakon da muke ɗaure jirage, sannan nake miƙa hannu in cika kwalbata. Mu maza ba ma shiga taɓo idan ruwa ya janye. Wannan lokacin mata ne, masu kamun jatan lande da kwando.

Yayata Endale ta sha ce mini, "Dipita, sauko ka ɗebi wanda muke tsayawa a ciki mana. Ko tsoron ɓata takalmin turawa kake, likitan kwalba?"

"Yaya, ruwa ai ruwa ne. Ba zan shiga taɓo ana kallona ba."

Ranar da shugabar kwamitin masu binciken, Dakta Mukuri, ta zo karanta sakamako a ƙarƙashin mangwaro, na zauna a sahun gaba. Ta ce sun sake duba ma'auni, gansakukar ƙauyenmu ba ta kai rabin abin da ke cutarwa ba. Saboda haka an cire mu daga wuraren da za a gyara, kuma magudanar ƙazantar unguwar sama, wadda ke ciyar da gansakukar, za ta ci gaba da zubowa inda take zubowa.

Endale ta miƙe, ta ɗage zani zuwa gwiwa. Ƙafafunta duk gyambo, fata ta saɓule kamar an zuba tafasasshen ruwa. Mata huɗu suka yi yadda ta yi. Gida ɗaya muke da Endale, amma ban taɓa gani ba.

"Dakta, wannan ma rabi ne?"

Daktar ta cire tabarau, ta juyo gare ni, ta kira ni Sango, wato malam a yarenmu. "Sango Dipita, da wane lokaci kake ɗiba?"

"Idan ruwa ya cika."

"Kullum?"

"Kullum."

Takardar ta zame daga hannunta. "Ashe ruwan teku muka shekara uku muna aunawa. Ga shi gobe ne za a sa hannu a kan rahoton."

Babu wanda ya zage ni, kuma da sun zaga da ya fi mini sauƙi.

Endale ta dubi kogi. Ruwa ya janye, kore shar ya kwanta a kan taɓo, warinsa har inda muke. Ta ɗauko kwalba daga jakata ta miƙo mini.

"To, likita."

Na cire takalmi a gaban mazan ƙauye, na naɗe wando, na shiga taɓon har cinya.