Ruwan Zafin Gidan Zulma

"Ƙara kwal, yarinya. Wannan wutar ko ƙwai ba za ta dafa ba."

Veerle ta ƙara. Tun da hantsi take jigilar ruwa daga famfon bayan gida zuwa kan murhu, har tururi ya cika kicin, gilashin taga ya yi gumi. Ta jera bahuna a ƙasa, ta ajiye sabulu, ta rataye tawul a bayan kujera kusa da wuta don su ɗauki ɗumi. Daga ɗakin gaba, inda aka sauko da gadon Zulma, wadda kowa ke kira Meetje, wato kaka, tun da hawa bene ya gagare ta, muryar tsohuwar na ta zuwa, a dishe amma da iko.

"Kin yanka burodin?"

"Na yanka, Meetje."

"Da kauri? Ba irin yankan uwarki ba, da ake hango coci ta cikinsa."

Ranar tseren keken ƙauyen ce, Lahadin farko ta Afrilu. Ba tseren manya ba ne da ake nunawa a talabijin. Na masu gasa burodi ne da masu raba wasiƙu da manoma, waɗanda gobe Litinin kowa zai koma bakin aikinsa yana ɗingishi. Tun Zulma tana amarya gidajen layin ne ke buɗe wa 'yan tsere ƙofa su wanke taɓon jikinsu. Sauran gidajen sun daina ɗaya bayan ɗaya, ita ba ta daina ba. To, bana kwamitin tsere ya mayar da wankan sabon ɗakin wasanni da aka gina a bayan makaranta, mai famfon ruwan zafi. Kowa a layin ya sani, ban da Zulma. Likita ya riga ya ce zuciyarta ba za ta kai ta lokacin zafi ba, sai maƙwabta suka ce a ɓoye mata maganar, kada a ɓata mata rai. Aka bar wa Veerle, 'yar gidan da ke jikin nata, aikin dafa ruwan da ba wanda zai yi wanka da shi. Ita aka bar wa don ba ta musu. Irin mutanen nan ce da in ta shiga shago aka miƙo mata abin da ba shi ta nema ba, sai ta karɓa ta yi godiya.

Da rana tsaka aka harba bindigar tashi. Sama garau, rana ta fito kamar da gaske. Veerle ta tada tsohuwar, ta cusa mata matasai a baya don ta ga hanya. Jim kaɗan sai ga su, garke guda, riguna kala-kala, tayoyi na kaɗawa a kan daɓen duwatsu har kofunan cikin kabad suna amsawa. Suka wuce fuu, suka nufi gangaren gonaki inda za su zagayo.

"Dubi yadda suke da tsabta," in ji Zulma, ta taɓe baki. "Kamar masu zuwa ɗaurin aure."

Ba su zagayo da yawa ba gari ya juya. Wani baƙin hadari ya taso daga wajen teku, iska ta kwashe hular wani mai kallo ta yi gona da ita, sai ƙanƙara ta sauko, tana dukan taga kamar ana watsa tsakuwa. Da 'yan tseren suka sake wucewa, garken ya tsinke gida-gida, kuma ba ka bambanta rigar wani da ta wani. Duk taɓo ne.

Fuskar Zulma ta yi haske. "Yanzu aka fara tsere. Ki shirya, masu sarewa za su fara zuwa." Ta tsaya ta nemo numfashi, ƙirjinta na kuka kamar tsohuwar ƙofa. "Wanda ya ci, ba ruwana da shi. A ba shi furanni, ya tafi gidan giya ya yi ta ƙarya. Nawa su ne waɗanda suka faɗi."

Daga nan ta daina kallon taga, ta mayar da ido kan ƙofa.

Veerle ta koma kicin, ta juya tawul ɗin da ba su buƙatar juyi. Ta cika tukunyar da ruwanta ya ƙone, ta dawo. Ba wanda ya ƙwanƙwasa. Ta ga leɓen tsohuwar ya soma yin shuɗi-shuɗi, yatsunta na tsintar bakin bargo. Maganar sabon ɗakin wasannin ta zo wa Veerle har bakin harshe. Ta haɗiye ta.

"Yaran yanzu ba su san gidan ba," Zulma ta ce a hankali, ba ta dube ta ba. "Je ki mararraba wurin Odiel ki kawo mini ɗaya."

"In bar ki ke kaɗai, Meetje?"

"Ina zan je? Rawa? Tafi. Ki zaɓo wanda ya fi kowa ƙazanta."

Veerle ta ɗauki rigar ruwanta. A bakin ƙofa ta waiwaya. Tsohuwar ta kore ta da bayan hannu.

Mararrabar tana ƙarshen layi, inda hanya ke karya kwana a kan duwatsu masu santsi. Nan Odiel, maƙwabcinsu mai kiwon tattabaru, yake tsaye kowace shekara da jar tuta da usur, yana tare motoci. Ruwa na tsiyaya daga gashin bakinsa.

"A'a, Veerle! Miji kika fito nema? Ki bari a wanke su tukuna, yanzu ba ki gane mai kyau."

Ta sunkuyar da kai, ta faɗa masa abin da ya kawo ta. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Ni ba ni da ikon ɗauke ido daga hanyar nan. Ga su can suna sarewa, ki tare ɗaya."

Na farko wani saurayi ne, yana tura kekensa, haƙoransa na haɗuwa don sanyi. Ya biyo ta gabanta, kusa har ta ji warin man shafawar da suke murza wa ƙafafu. Ta buɗe baki. Me za ta ce wa namijin da ba ta taɓa gani ba? Zo gidanmu ka yi wanka? Kunnuwanta suka yi zafi duk da sanyin. Kafin ta shirya kalmomin ya yi nisa.

Ƙanƙara ta ɗauke, rana ta sake leƙowa, hanya ta shiga tururi. Masu kallo suka rufe lema. Ba su gama rufewa ba ruwa ya dawo, wannan karon haɗe da dusar ƙanƙara, iska na kaɗo shi a kaikaice.

Sai ga wasu biyu, suna tafe suna zagin wanda ya ƙirƙiro keke. Veerle ta dunƙule hannu cikin aljihu, ta taka zuwa gabansu.

"Sannunku," ta ce. Iska ta kwashe rabin muryar.

Ɗayan ya dube ta, idanunsa kaɗai ne fari a fuskarsa. "Yawwa, 'yar'uwa. Ta ina ne ɗakin wasannin nan?"

Hannunta ya ɗaga da kansa, ya nuna musu bayan makaranta. Suka yi godiya suka wuce.

"Ke!" Odiel ya buga tutar a cinyarsa. "Kawowa aka aiko ki ko rakiya?" Ya juya ya ƙwala wa wani da ke wucewa kira: "Kai, mai jar hula! Akwai ruwan zafi gidan Zulma!"

"Wace Zulma?" in ji yaron, bai ko tsaya ba.

Veerle ta ce a ranta, in suka zagayo sau ɗaya zan koma, ko da kowa ko ba kowa. Suka zagayo. Ta tuno idon tsohuwar a kan ƙofa, ta ga kanta tana shiga hannu rabbana, sai ta ce bari su ƙara zagayowa. Ruwa ya cika mata takalma. Ƙararrawar coci ta buga, ba ta ƙirga ba.

Ana cikin haka na ƙarshen tsere ya iso kwanar shi kaɗai. Tayar gaba ta zame a kan dutse, ya faɗi da gefe, ya sulalo har gaban ƙafafunta. Ya zauna cikin ruwa yana duban gwiwarsa da ta buɗe. Babban mutum ne, da furfura a gemunsa.

"Wannan kwanar ta san ni," ya ce. "Kowace shekara sai mun gaisa." Ya ɗaga kai, ya ƙura mata ido. "Ke ba 'yar layin Meetje Zulma ba ce? Ni ne Wannes, mai gyaran famfo daga garin Oudenaarde. Kin taɓa riƙe mini tawul kina ƙarama. Yaya jikin nata?"



"Mu tsofaffin hannu mun so mu biyo ta wurinta," ya ci gaba, yana matse ciwon. "Sai aka tara mu da safe aka ce bana ba ta karɓar kowa, kada wanda ya je ya dame ta. Mun ce to."

Odiel ya juya baya, ya shiga hura usur ga hanyar da babu ko mota ɗaya.

"Ruwa na kan wuta tun safe," in ji Veerle. Muryar ta fito da ƙarfin da ya ba ta tsoro ita kanta. "Tana ta kallon ƙofa."

Wannes ya miƙe, ya saɓa keken a kafaɗa, ya bi ta yana ɗingishi, ƙarfen ƙasan takalmansa na ƙwas-ƙwas a kan duwatsu. Ita gudu-gudu take yi. A ƙofar gidan ya jingine keken, ya tura ƙofa da kansa kamar ɗan gida.

"Meetje! Ga jakinki ya sake faɗuwa! A fito da sabulu!"

Ba amsa. Agogon bango ne kaɗai ke motsi, sai tukunya da ke tafasa can ciki.

Zulma tana kishingiɗe a kan matasanta, fuskarta na fuskantar ƙofa, idanunta a buɗe kaɗan. Ta yaye bargon gefe guda. Ƙafarta ɗaya ta sauko daga gado, tana reto a saman silifas ɗinta, ba ta kai ga sa shi ba. Veerle ta durƙusa ta kama hannunta. Da sauran ɗumi a tafin.

"Meetje, na kawo," ta ce. "Ga shi na kawo."

Wannes ya cire hular kwanonsa, ya yi alamar gicciye. Ya matso ya ɗaga ƙafar a hankali ya mayar kan gado, ya ja bargon, ya rufe mata ido da yatsun da ya fara gogewa a cikin rigarsa. Duk da haka ya bar mata ɗan taɓo a gira. Jikinsa na kaɗawa don sanyi, jini da ruwa na gangarowa ta ƙwaurinsa.

"Ya kamata a kira likita," ya ce. "Da ɗanta."

"Za a kira." Veerle ta miƙe, ta share fuska da bayan hannu. "Wuce kicin."

"Haba, 'yar nan. A wannan halin?"

"Ruwan zai huce."

Ya dube ta, ya dubi gadon, ya wuce. Veerle ta buɗe ƙofar da ke tsakanin ɗakin da kicin har ƙarshe, ta tokare ta da kujera. Ta juye ruwan zafi a baho, ta sirka, ta zaunar da shi. Ya sunkuyar da kai ta kwarara masa, baƙin ruwa ya zubo daga gashinsa. Ta durƙusa ta shiga tsince tsakuwa daga gwiwar, ɗaya-ɗaya, yana cije leɓe.

"Meetje da zagi take haɗawa," ya ce, yana kallon rufi. "In ba zagin, ciwon ya fi zafi."

Veerle ta gyara murya. "Ƙaton banza, da furfurarka, da 'ya'yanka a gida, ka fito cikin gajeren wando..." Muryar ta karye a nan. Ta ci gaba da wankin ciwon, hawaye na ɗiga cikin bahon. Shi kuma ya riƙa tsoma hannu yana watsa ruwa a wuyansa da ƙarfi, fiye da yadda wankan ke buƙata, yadda za a ji har ɗakin gaba.

Can wajen coci lasifika ta shiga ihu, ana kiran sunan wanda ya ci. Iska ta kawo tafi, ta sake mayar da shi.

Da Wannes ya fita kiran Odiel, lulluɓe da tawul, gidan ya yi tsit. Hadari ya wuce, rana ta shigo ta taga ta kwanta a ƙasa. Sawun takalmansa na nan a kan daɓen da Veerle ta goge da safe, taɓo jiƙe, daga bakin ƙofa zuwa gadon, daga gadon zuwa kicin. Yanzun nan mutane za su cika ɗakin. Ta ɗauko tsumman goge ƙasa, ta jiƙa, ta matse, ta tsaya a kan sawun farko. Ba ta goge shi ba. Sannan ta ninke tsumman ta ajiye a bakin bokiti, ta jawo kujera ta zauna kusa da gadon.