Merang a Rufaffen Ɗaki

"Baban Anisa, sauke hannunka daga ƙofar nan," na ce.

Halidu, mijina, ya riga ya buga sau biyu, bugu irin na direban taksi da ya saba dukan jikin mota. Ya juyo ya dube ni. Dawowarsa ke nan daga sallar azahar, carbi ma yana hannunsa.

"Tun ƙarfe tara matar nan take ciki, Balkisa. Ko tarinta ban ji ba."

"Yau ka fara zama da ita? Ranar merang ce."

Bango ɗaya ne ya raba ɗakina da na Tanti Lidiya a gidan hayarmu da ke Zongo. Ƴar Dogonduci ce, ta yi shekara talatin tana koyarwa a lakkol, wato makarantar boko, kafin ta huta. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta guda, Elisha, yana aikin asibiti a Maradi. Ita kaɗai ce Kirista a gidan. Da layya mukan kai mata nama, jajibirin Nowel kuma, wato Kirsimeti, ita ke bin ɗakunanmu da merang.

Ga wanda bai sani ba, farin ƙwai ne da sukari. A kaɗa shi har ya tsaya kamar kumfar sabulu, a matsa shi ƙanana a faranti, a gasa da wuta kaɗan har ya bushe ƙayau. In ya huce, Tanti ta ɗauki tsinke ta yi wa kowanne zane da jar kala da tsanwa. Ka jefa a baki ya narke, ka rasa me ka ci. Ni dai ban taɓa sa shi a lissafin abinci ba, amma ita ta ɗauke shi tamkar ibada, kuma dokarta ɗaya ce: ranar merang ba shiga, ba fita, ba kira.

Na san zafin dokar nan. Bara na tura ƙofar da kwanon dambu mai tururi a hannuna, don na ga ta wuni ba ta ci komai ba. Merang ɗin ranar ya fito da danƙo, ta ce tururina ne ya sa. Ko shi ne ko ba shi ba ne, Allah masani. Mako uku ban samu komai daga bakinta ba sai gaisuwar "fofo" a bushe, ni da nake ɗinka mata kaya ba na karɓar ko dala. Abin ya ci raina ƙwarai, don ina son matar nan, ita ta zauna da ni kwana biyu a asibiti da na haifi Anisa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

Ranar da Halidu ya buga ƙofar nan, an ɗauke wuta tun asuba. Tanti ta shigo wajena da kwanon kwanduwa, don kullum mu take ba, ba ta da amfani da ita.

"Balki, fur ɗina na gashi ya zama akwati yau, ba wuta. Ara mini murhunki na gawayi."

"Tanti, a gawayi? Ba zai ƙone ba?"

"Haka uwata ta gasa gato, kek ɗin nan, shekara arba'in. Tukunya da rairayi, garwashi ƙasa, garwashi bisa. Amma iska ita ce abokiyar gaba. In ta hura garwashin, sai su yi ja, ni kuwa farare nika so kamar auduga."

Ni na kai mata murhun, ni na cika mata kwando da gawayi. Ta rufe taga, ta ja labule. Da ta turo ƙofa sai ta yi magana ta ciki.

"Akwai haske ta ƙasa, ɗiyata. Toshe mini."

Na kwaso ƙyallayen da ke ƙarƙashin keken ɗinkina, na durƙusa, na cusa su a ƙasan ƙofar da bakin almakashi. Na yi aikin da kyau, don ba na son rabin aiki.

Shi ya sa na tsaya tsakanin Halidu da ƙofar.

"To ki kira ta, ta amsa sau ɗaya, in tafi aikina," ya ce.

"Yi shiru ka saurara."

Muka kara kunne. Da farko ba komai sai ƙamshin sukari, mai nauyi, har yana kama maƙogwaro. Can sai muka ji. Ƙas. Ƙas-ƙas. Ƙaramar ƙara, kamar ana ajiye wani abu mara nauyi a kan farantin ƙarfe, ɗaya bayan ɗaya.

"Ka ji ko? Tana jera su. Kai ka fi son a yi wani mako ukun."

Ya ɗaga kafaɗa, ya ce mu mata mun fi kusa, ya ɗauki makullin motarsa ya fita.

Na koma kan keke, ina da rigunan mutane uku da za a karɓa kafin magariba. Amma duk sanda na tsayar da ƙafa, sai in ji abin ta bango. Ƙas-ƙas. Ya tsaya. Ya sake. Abin da ban ji ba shi ne waƙa. Tanti ba ta aiki ba tare da tana rera waƙar majami'arsu ƙasa-ƙasa ba, har Anisa ta haddace wasu. Na ce wa kaina tsufa ne, ta gaji.

Wajen ƙarfe uku wayarta ta yi ƙara. Ta yi har ta katse, ta sake, ta katse. Na ce hannunta da kala, ba za ta taɓa waya ba. Na tashi na je bakin ƙofar, na ɗora tafina a kanta. Ƙarfen da ɗumi. Na buɗe baki zan ce "Tanti", sai na ji ƙas-ƙas daf da ni, kamar amsa. Na janye hannuna na koma ɗaki.

Bayan la'asar Malam Yakubu ya zo, dattijon da ke kula da majami'arsu, da gwangwanaye biyu da zai ɗebi rabon yara.

"Madam ta ce in zo ƙarfe huɗu. Na kira ta sau biyar."

"Ba ta buɗe ba tukuna, Malam."

Ya dubi ƙofar, ya dubi ƙyallayen da ke ƙasa. Ya shaƙi iska.

"Mi taka gasawa da shi, ga shi babu wutar kuran?"

"Gawayi."

Gwangwanayen suka faɗi daga hannunsa. Ya sa kafaɗa a ƙofar sau uku, sakatar ta ɓalle.

Zafi ya fito ya buge mu, kaina ya sara nan take. Malam Yakubu ya toshe hanci da hula, ya fizge labule, ya banke taga. Tanti tana zaune a kujerarta ƴar tsugune, faranti a kan cinya, tsinke tsakanin yatsu. Kanta ya jingina da bangon nan da ya raba mu, daidai inda kekena yake ta ɗaya gefen. Fuskarta ba alamar wahala, leɓunanta har sun fi kullum ja. Garwashin ya zama toka.

"Tanti," na ce. "Tanti, an buɗe."

Malam Yakubu ya taɓa wuyanta, ya daɗe, sannan ya cire hularsa daga hanci ya riƙe ta a ƙirji.

A cikin shirun nan na sake ji. Ƙas. Ƙas-ƙas. Na waiga. Farantai ne jere a kan gado da tebur, merang fari tas, suna tsagewa kaɗan-kaɗan da kansu yayin da suke hucewa. Ba hannun kowa a kansu. Na zauna a ƙasa kan ƙyallayena.

Washegari, ranar Nowel, Elisha ya iso da motar farko. Tsakar gida ta cika da mutanen majami'a da na unguwa, tabarmi har bakin titi. Matan su suna waƙa a hankali, namu suna raba ruwa. Halidu bai yi mini faɗa ba tun jiya, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da hantsi Elisha ya ce in raka shi ɗakin. Ba a taɓa komai ba. Ban jira ya tambaya ba, na faɗa masa duka: murhun, gawayin, ƙyallayen, da yadda na hana Halidu.

Ya saurara, idonsa a kan toka.

"Yaya Balkisa, Mama ta sa ki, kin yi. Wa ya taɓa ce mata a'a a kan merang?" Ya share fuska da tafinsa. "Hayaƙin gawayi ba ya da wari, barci yaka sa mutum. A ɗaki kamar wanga, awa biyu ta isa. Kafin azahar ta riga ta tafi. Da an fasa ƙofar ma, ba abin da za a tarar. Kar ki ɗauki kayan da ba naki ba."

Wallahi na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Na yi kuka a karo na farko, ya bar ni na yi. Sannan ya ɗauko farantin da aka samu a cinyarta ya miƙo mini.

"Wanga na gidan nan ne, na san jan zanen naku ne. Ki raba ma yara."

Na karɓa, na matsa kusa da taga. Tanti daga hagu take farawa, layi-layi, kamar rubutu a allon lakkol. Layin farko zanen ya miƙe sumul, kowanne da jan zobe zagaye da shi. A na biyu zoben ya fara karkacewa. A na uku hannun ya yi nauyi, kalar ta yi kauri a wasu wuraren.

A tsakiyar layi na huɗu akwai guda ɗaya da ya bambanta. Zoben ya faro, sai tsinken ya yi tsalle ya ja layi har gefe. Ya dawo ya ci gaba, ya sake yin tsalle. Sau biyu. Shekara ashirin ina ɗinki, na san abin da hannu yake yi in an buga ƙofa ba zato. Kuma na san wanda ya buga ƙofar nan sau biyu, da lokacin da ya buga.

Bayan wannan akwai guda uku da ta yi wa zane. Na ƙarshen ɗigo ɗaya ne kawai.

"Lafiya, Yaya?" Elisha ya tambaya daga bakin ƙofa.

"Lafiya lau," na ce.

Na zare wancan guda ɗayan daga layin, na rufe shi a tafina, na fita da farantin. Yaran gidan suka taso, Anisa a gaba. Kowa ya ɗauka ya yi shiru yana tsotsa. Ni kuwa na zauna a bakin tabarma cikin mata, hannuna a dunƙule a kan cinya, ina jin jar kalar tana jiƙewa a hankali tsakanin yatsuna.