Ƙafar Aro

Merv Tonkin ya taka birki a bakin Kwanar Tafki, ya danna kuloci, ya jawo giya daga uku zuwa biyu, sannan ya aiki diddigensa ya taɓa totur kamar yadda ya saba shekara talatin. Diddige ya ce bai san zancen ba. Tun da Merv ya faɗo daga tsani a bara, likitoci suka ɗaure masa idon sawun dama da ƙusa huɗu, ƙafar ta daina juyawa gefe. Gaba da baya kawai ta sani.

A haka ya saki kuloci, inji yana barci, tayoyin baya suna gudu. Da suka haɗu sai tayoyin suka ƙame, suka yi kuka ƙiii, bayan motar ya kaɗa kamar wutsiyar kare. Dammunan ciyawar da aka jera a gefen kwanar suka taso masa gadan-gadan. Ya murɗa sitiyari, ya runtse ido ɗaya, ya wuce. Tsakaninsa da ciyawar bai fi faɗin tafin hannu ba.

A saman tudun, cikin 'yar rumfar kwano, matarsa Glenys tana zaune da agogo da allo, don ita ce mai rubuta lokacin kowa a kulob ɗinmu na tseren hawan tudu da mota tun kafin a sa wa hanyar kwalta. Daga rumfar ana hango Kwanar Tafki tar. Da ya tsaya ya cire hular kwano, ba ta ko ɗago ba.

"Daƙiƙa sittin da uku," in ji ta.

"Ai ban taɓa ciyawa ba."

"Na gani. Ciyawar ce ta ji tausayinka."

Sharaɗin Glenys ba ɓoyayye ba ne, duk kulob ya sani. Sau biyu Merv ya shiga ciyawar nan tun da ya dawo daga asibiti, na biyun har ya yi asarar rabin ƙofa. Ta ce na uku shi ne na ƙarshe: ranar da jar motar ta sake taɓa ko tsinke ɗaya, za a sayar wa mijin ƙanwarta da ke garin Traralgon, mutumin da bai taɓa wuce giya huɗu ba a rayuwarsa. Kuma Glenys ba ta faɗin magana sau biyu. Saura hawa biyu a ranar, ga hadari yana haɗowa daga wajen teku.

Merv ya gangaro filin ajiye motoci ta bayan gonar da ke gefen tudun. Wallahi tsoro yake ji, ba na ciyawa ba, na gareji babu mota. Spiro, makanikin garinmu kuma abokin gasarsa tun suna da gashi, ya taro shi yana dariya.

"Mutumina! Rawa ka koma koyo da tsufa? Na ga bayanka yana kaɗawa tun daga nan."

"Kwaltar ce da santsi."

"Ni ma a kanta na bi, ban zame ba. Kai dai ka lallaɓa ƙafar nan. Kada ka bari a kai ka ga rigar furanni."

To, rigar furanni kuwa Merv ne ya kawo ta da hannunsa. Lokacin da sababbin motoci suka fara zuwa da wani maɓalli kusa da giya, wanda idan ka kunna shi motar da kanta take ba inji wuta daidai duk sanda ka rage giya, Merv ya miƙe a taron shekara ya yi wa'azi na rabin awa. Ya ce direba shi ne mai taka birki da yatsu, ya taɓa totur da diddige, duk a numfashi ɗaya. Ya raɗa wa maɓallin suna Ƙafar Aro. Ya kawo doka aka yarda: duk wanda ya kunna shi a ranar gasa, shi zai ɗaura rigar girki mai furanni ruwan hoda ya soya wa jama'a naman sosej. Ita ma motarsa tana da maɓallin, amma tun ranar da ya sayo ta ya manne shi da baƙin salatif, kuma kowane baƙo sai ya nuna masa.

Shekara biyu ke nan rigar tana jikin mutum ɗaya: Thuy Lam, mai kantin magani a babban titi. Ba ta taɓa ɓoyewa ba. Tana zuwa da safe za ta ce, "Na kunna, ina rigata?" Kuma sau da yawa ita ce ta biyu ko ta uku a allon Glenys, abin da ke ƙara wa Merv ciwon kai.

Yayyafi ya fara sauka. Merv ya zagaya motarsa sau biyu, ya duba tayar da ba ta da laifi, sannan ya tsinci kansa a gaban murhun gasa nama. Thuy tana juya albasa, furannin rigar sun cika mata ƙirji.

"Da albasa ko babu, Merv?"

"Da albasa." Ya duba hagu da dama. "Thuy, akwai wani abokina da yake tambaya. Wannan abin naku, ya ake yi da shi?"

"Wane abu?"

"Kin sani mana. Maɓallin."

Ta ɗora sosej a kan burodi, ta naɗe, ta miƙa masa. "Abokin nan naka, ƙusa nawa ce a ƙafarsa?"

"Ke dai ki faɗa mini."

Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta rage murya. "Ka ce masa birki nasa ne, kuloci nasa ne, giya ma tasa ce. Totur kaɗai motar take karɓa, shi ma na ƙiftawar ido. Yana tura giya ƙasa za ta ɗaga injin daidai inda tayoyi suke, sai ya saki kuloci abinsa. Babu ƙamewa, babu rawa."

"Shi ke nan?"

"Saura biyu. Kada ya taimaka mata. In ya taɓa totur ita ma ta taɓa, kamar mutum biyu ne suna ihu lokaci ɗaya. Sannan kada ya ɗauka tana da hankali. In ya nufi giya uku a guje ya faɗa giya ɗaya, ba ruwanta, Spiro ne zai kwashe injin a bokiti."

Merv ya ciji burodi, miyar tumatir ta ɗiga masa a takalmi. "Ke da ba ki iya da ƙafa ba, dole ki ce haka."

"Wa ya ce ban iya ba? Tun ina shekara goma sha tara, a motar kai kayan babana. Ranar Lahadi in zan je gonar surukata a kashe nake barinsa, don daɗi. Amma a nan, balle ana ruwa, na fi so duk ƙafata ta zauna a kan birki."

Merv ya dube ta. Shekara biyu yana mata tsiya, ashe ta iya.

Da aka kira hawa na biyu, ya zauna a layi, gilashi yana haɗa raɓa. Ya sa farce a gefen salatif ɗin. Ya daɗe a manne, sai da ya yi da gaske kafin ya ɓare. Ya dunƙule shi ya jefa a aljihun riga, ya danna maɓallin. Wata 'yar koriyar fitila ta kama a gabansa. Kunya ta kama shi kamar wanda aka gani yana satar nama a tukunya, alhali ba kowa a motar sai shi.

A kwanar farko ya yi abin da aka hana shi. Ƙafar ta tuna tsohon aikinta, ta zame daga birki ta dangwali totur, motar ma ta ba da nata. Inji ya yi wata irin kururuwa, tumakin gonar suka watse.

"To, na ji, na ji!" ya ce wa motar.

Sai ga Kwanar Tafki, kwalta tana sheƙi da ruwa, dammunan ciyawa sun jiƙe sun yi baƙi. Ya dasa ƙafar dama a kan birki, ya ce mata ta zauna nan kada ta motsa. Kuloci. Giya biyu. Salansar motar ta yi gyaran murya ɗaya, wum, gajere, tsaf. Ya saki kuloci yana jiran bayan motar ya kaɗa. Shiru. Motar ta shiga kwanar ta fita kamar an ja ta da zare. Merv ya ji dariya ta kuɓuce masa a cikin hula.

"Hamsin da tara," in ji Glenys a sama. Wannan karon ta ɗago ta dube shi.

Kafin hawa na uku ruwan ya ɗauke, iska ta busar da hanya. Merv ya hau tudun nan kamar ɗan shekara arba'in. Sau shida ya rage giya, sau shida salansa ta amsa da murya iri ɗaya, har mutanen da ke jingine da shinge suka fara tafi. Tunda ƙafar ba ta da wani aiki sai birki, ya jinkirta taka shi fiye da yadda ya taɓa yi, kuma bai ko kalli ciyawar ba.

Hamsin da biyar da ɗigo takwas. Rabonsa da irin wannan lokaci shekara biyar. Ya doke Spiro, ya doke Thuy da ƙiris.

Yana saukowa filin aka yanyame shi. Spiro ya rungume shi har ya ɗaga shi daga ƙasa.

"Ƙafar ta dawo! Jama'a, kun ji abin da na ji? Wum! Wum! Wannan shi ne hannun tsoho, ba na'ura ba. Ni ina sanin ƙafar mutum daga kilomita ɗaya." Ya juya wajen murhu. "Thuy! Kin ji yadda ake yi? Ki zo a koya miki!"

Aka kwashe da dariya. Thuy ta ɗaga abin juya nama ta gaishe su, ta ci gaba da aikinta. Ba ta ko kalli Merv ba, kuma ya san har abada ba za ta faɗa ba. Motar ta tsira, sunansa ya tsira, abin da ya rage masa kawai ya yi murmushi ya karɓi lemo. Daɗin kuwa ya ji shi, ba ƙarya. Sai dai hayaƙi yana shiga idon Thuy, tana sharewa da bayan hannu, ga layin mutum ashirin a gabanta.

Ya sa hannu a aljihu, ya kama tafin Spiro, ya ajiye masa dunƙulen baƙin salatif.

"Mene ne wannan?"

"Kai da kake sanin ƙafar mutum daga kilomita ɗaya, ka gane da kanka."

Ya ɗingisa zuwa murhu. "Kawo rigar."

"Ka tabbata?" in ji Thuy a hankali. "Abokin naka ba dole ne ya..."

"Shi ya kawo dokar. Kawo."

Igiyar ba ta zagaya cikinsa ba, sai da ta ƙara masa da igiyar tanti. Spiro ya dubi salatif, ya dubi furanni, sannan ya fashe da wata dariya har ya zauna a kan tayar tirela, hawaye yana zuba. "Ku kawo waya! Don Allah ku ɗauke shi! Wannan hoton a bangon gareji zai kwana!"

"Ku yi layi," in ji Merv, fuskarsa ja kamar motarsa. "Wanda ya yi dariya babu albasa."

Ranar kusan kowa babu albasa ya ci.

Glenys ce ta zo a ƙarshe, allo a hammata. Ta tsaya ta ƙare masa kallo daga wuya har gwiwa. Ya zaɓo mata sosej ɗin da bai ƙone ba.

"Glen, akwai abin da zan faɗa miki. Lokacin nan da kika rubuta..."

"Na sani tun Kwanar Tafki a hawa na biyu."

"Thuy ce ta gaya miki?"

"Haba, tsohona. Shekara talatin ina zaune a rumfar can ina jin ƙafarka. Ko lokacin da take da lafiya ba ta taɓa yin daidai sau shida a jere ba."

Merv ya juya sosej a kan murhu. "To, motar fa?"

"Ka taɓa ciyawa?"

"A'a."

"To." Ta gyara masa igiyar wuya da ta karkace, ta kakkaɓe masa furen da ke kan ƙirji. "Wata mai zuwa ka taho da rigar a goge. Sa mini albasa da yawa."