Na'inna Ta Ƙi Yafewa

Duk Kontagora an san Na'inna mai ƙuli-ƙuli da baki, amma ba a san iyakar taurin kanta ba sai da ciwon daji ya shiga jininta, can zamanin soja.

Daga babban asibitin Zariya aka haɗo ta da wata allura, intafero take ko me, wadda sai a firjin mai lemo ake ajiye ta. Likita ya ce mata ba allurar ke kashe ciwon ba. 'Yar aike ce irin wadda jiki ke da ita tun asali, bi take tana tashin masu gadin jiki da ciwon ya lallaɓa suka yi barci. In sun farka kuwa, sai zazzaɓi.

To fa! Duk sanda maƙwabciyarta Alheri, malamar asibiti, ta tsira mata allurar, sai rawar sanyi, haƙora kaf-kaf, bargo ba ya isa. Mata suka baza a gari wai tafiya ta zo. Wanta Ladan ya tattaro dangi har daga Rijau, suka cika ɗakin da hantsi, kowa na matsar ido, wai neman gafara.

"Na'inna, ki yafe mana," in ji Ladan. "Allurar nan kuma an daina. A bar ki ki cika cikin sauƙi."

Ta leƙo daga bargo. "Yaya, ban yafe ba."

Ɗaki ya ɗau salati.

"Ke Ruka, matar ƙanena, tun bikin ɗanki tukunyata ke gidanki. Ban yafe ba. Kai kuma Yaya, ka ce a masallaci na gama. Mai son yafiya ya dawo bayan Sallah, in ga ko na huce."

"Ki ji tsoron Allah, dubi jikinki na ɓari!" in ji Ladan.

"Faɗa ake yi a ciki! Da ana shiru ai shirun ne ya kusa kai ni kabari."

Alheri na bakin ƙofa da allurar ranar cikin kwanon ƙanƙara, Ladan ya tare hanya. Na'inna ta yunƙura, ta dafa bango, ta raɓa ta gefen wanta tana tangaɗi, ta miƙa damtse.

"Tsira min, 'yar nan. Ruka, matso ki gani da kyau, ki samu na kai wa gari."

Washegari tukunya ta dawo, an wanke ta fes.